Yadda Ake Gwada Ƙarfin Roba: Lanƙwasa da Duka, da Kayan da Ke Samuwa a Sakkwato

Tambaya biyu ake yi wa roba, kuma amsar ɗaya ba ta gaya maka amsar ɗayar. Ta farko: nauyi nawa za ta ɗauka a hankali kafin ta lanƙwashe ko ta karye? Ta biyu: me zai same ta idan abu ya dake ta farat ɗaya? Busasshen karan dawa ya fi ɗanyar tsumagiya tauri, amma duka ɗaya ya ishe shi, ita kuwa tsumagiya sai dai ta ranƙwafa ta dawo. Mai sayar da kujeru a Babbar Kasuwa da ke hawa kujera ya ce maka "wagga ba ta mutuwa" tambayar farko kawai ya taɓa, ita ma rabi.

Wannan bayani na mai narka tsohuwar roba ne yana buga bokiti ko baho, da ɗalibin da ke aikin kammala karatu, da mai sayen bututun ban-ruwa da yawa don kai wa fadamar Kwalkwalawa ko Goronyo. Lambobin da za ka samu na kwatanci ne, wato wannan kaya da wancan, bugun jiya da na yau. Takardar shaidar inganci aikin SON ne, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, da ɗakunan gwaji masu injin da aka tantance.

Kayan aiki

Kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu da makanikai ke riƙewa. Nemi mai nuna lamba, wanda ke karanta milimita 0.01. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, wannan za ka saya.
Zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, magagari mai faɗi, ƙaramin magagari mai bakin wuƙa, samfefa mai laushi, da bais na riƙe kaya.
Rodi mai santsi guda uku, kaurin milimita 10. Rodin gini mai zane-zane ba zai yi ba, yana cizon robar.
Ƙarfen kusurwa, da mai walda mai haƙuri.
Bokitin lita 20, waya mai ƙarfi, kofin awo na rabin lita, gorar ruwa, da sikelin da ke karanta giram.
Ma'aunin zafi, kula mai murfi, ƙanƙara, da leda mai rufuwa.
Don gwajin duka: boris na babur guda biyu masu lafiya, siririn bututun alminiyam, guntun ƙarfe mai nauyin wajen rabin kilo, filawud, ma'aunin kusurwa na akwatin lissafin 'yan makaranta, da waya mai ɗaukar bidiyo a hankali.
Tabarau na kariya. Roba mai gautsi tana tarwatsewa, kuma ɓarɓashinta ido yake nema.
Agogon awo mai allura, irin wanda masu gyaran injin ke duba karkacewar sanda da shi, idan ka samu aro. Ba dole ba ne.

1. San robar da ke hannunka

Juya kayan ka nemi alamar kusurwa uku mai lamba a ciki. Lamba 2 ita ce HDPE ta jarkoki, 3 PVC ta bututu, 5 PP ta yawancin kujeru da bokitai, 6 PS ta cokulan roba masu saurin karyewa. Rubuta abin da ka gani. Sai ka yanki ɗan guntu ka jefa cikin ruwa. PP da HDPE tsantsa suna tasowa, domin sun fi ruwa rashin nauyi. Idan kujera mai lamba 5 ta nutse, an cuɗa ta da garin farar ƙasa mai yawa. Garin yana ƙara tauri yana rage kuɗin aiki, amma sau da yawa yana cinye juriyar duka, shi ya sa irin wannan kaya ke yin kyau a gwajin farko ya faɗi warwas a na biyu.

Kada ka ƙona PVC don gane ta. Hayaƙinta yana ɗauke da asid mai cutar da huhu.

2. Yankan samfuri

Ƙa'idar ISO 178 ta lanƙwasa da ISO 179 ta duka, na hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, sun yarda da girman samfuri ɗaya: tsawo milimita 80, faɗi 10, kauri 4. Yanki aƙalla 5 don lanƙwasa, 10 don duka, ka ƙara 'yan kaɗan na koyo.

Zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, kamar gindin baho ko tsakiyar mazaunin kujera, nesa da haƙarƙarin da ake yi wa kaya ta ƙasa da kuma ɗan tabon da narkakkiyar roba ta shiga ta nan. Dukkan samfuran su kalli fuska ɗaya. Roba tana tuna hanyar da ta bi lokacin da take kwarara cikin ma'ajin bugu, wadda aka yanka bisa tsawon hanyar ta fi wadda aka yanka a gicciye ƙarfi. Idan ka gauraya su, lambobinka za su watse ka ɗora wa kayan laifin da ba nasu ba.

Ja zarto a hankali. Idan ka ga bakin yankan yana ƙyalli ko yana yin gashi mai danƙo, zafi ya narka shi, ka dakata ya huce. Injin giranda kuwa kada ya kusanci samfuri. Bar rabin milimita na rara, ka daidaita da magagari, ka goge da samfefa bisa tsawo. Duk ƙarzanen da ya gicciye samfuri, nan zai karye. Fuska biyun da suka fito daga masana'anta kada ka taɓa su.

In kaurin kayanka ba 4 ba ne, kada ka gurza shi don ya kai 4. Bar shi yadda yake, tsawon samfurin lanƙwasa ya zama ninki 20 na kauri. Idan kaurin bai wuce milimita 3 ba, ƙa'idar lanƙwasa ta ce faɗin ya zama 25. Bututu kuma a yanke shi bisa tsawo daga mai faɗin baki, kuma kada a gasa shi don ya miƙe, domin robar da aka gasa ba ita ce wadda ka saya ba.

3. Awon kauri da faɗi

Nan ne masu koyo ke gaggawa, nan ne kuma lamba ke lalacewa. A lissafin ƙarfi kauri sau kansa ake yi, a lissafin tauri sau uku. Samfurin da ke da 3.8 ka rubuta 4 zai ba ka ƙarfin da ya gaza gaskiya da wajen kashi 10 cikin 100, tauri kuma da wajen kashi 14. Sa wa kowane samfuri lamba a gefe, auna kauri da faɗi a wuri uku kusa da tsakiya, ɗauki matsakaici. Kada ka matse kalifa har ya nutsa cikin robar, taɓawa kawai. Wanda kaurinsa ya bambanta sosai daga wannan gefe zuwa wancan, ajiye shi cikin na koyo.

4. Daidaita zafi

Ƙa'ida ta ce a yi gwaji a digiri 23 da laimar iska kashi 50. Sakkwato a watan Afrilu tana haura digiri 40, a ƙarƙashin kwanon rufi kuma abin ya fi haka. A wannan zafi PP tana laushi, nauyin da take ɗauka ya ragu sosai, amma duka ba ya karya ta da sauƙi. Da asubar hunturu sai lamarin ya juye, ta yi tauri ta yi gautsi. Wanda ya gwada kayan wani kamfani da rana a bazara, na wani kuma da safe a Janairu, yanayi ya kwatanta ba roba ba.

In kana da ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da za ta tsaya, ajiye samfuran a ciki. Ƙa'idar ISO ta duka ta nemi aƙalla awa 16, ta Amurka kuma awa 40. In babu, ga dabarar da nake bi: zuba ruwa a kula, riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan har ma'auni ya nuna 23, sa samfuran cikin leda ka fitar da iskar ka rufe, ka danne su cikin ruwan awa ɗaya. Fito da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gwada shi nan take, kuma a yi aikin tsakanin sallar asuba da hantsi kafin gari ya ɗauki zafi. Riƙe samfuri ta gefe, yatsa ma yana ɗumama abu ɗan siriri haka. Wannan dabara ta wadatar ga PP, HDPE, PVC da PS, waɗanda ba su cika shan ruwa ba. Nailan daban ce, tana tsotsar laima daga iska, halinta a damina da na rani ba ɗaya ba ne.

Kowane sakamako a rubuta zafin wurin a gefensa. Lambar da ba ta da zafi a gefe, ni ba na karɓarta.

5. Haɗa gadon lanƙwasa

Mai walda ya liƙa rodi biyu a kan ƙarfen kusurwa biyu, a kwance, daidai da juna, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 64. Wato ninki 16 na kauri. Ga kauri 3 tazarar 48 ce. Tsakanin rodunan ya zama fili har ƙasa. Zafin walda yana jan ƙarfe, saboda haka bayan ya huce ka sake aunawa, ka yi lissafi da abin da ka samu, ko da 63.5 ne.

Ɗora gadon tsakanin tebura biyu ko bulo biyu masu ƙarfi. Rodi na uku gajere ne, shi zai kwanta a gicciye kan tsakiyar samfuri. Ɗaura waya a bakinsa biyu su haɗu a ƙasa su zama maƙalin bokiti. Gindin bokitin kada ya wuce tafin hannu daga ƙasa, ka shimfiɗa buhun yashi a wurin, ka kuma janye ƙafarka.

6. Gwajin lanƙwasa

Kwantar da samfuri bisa faɗinsa, ja layi a tsakiya, ɗora rodin a kan layin. Kafa rula ta ƙarfe a tsaye a bayansa, ka saita waya tana ɗauka daidai da tsayin samfurin, ba daga sama ba.

Injin ɗakin gwaji yana sauka milimita 2 a minti, wato cikin minti 3 ya lanƙwasa samfuri milimita 6. Kai ma haka za ka kwaikwaya. Ga robar kujera da bokiti, rabin lita duk daƙiƙa 15 ya yi, a zuba ta jikin bokiti don kada ya girgiza. Mutum ɗaya ya zuba, ɗaya ya riƙe agogo yana ƙirga da baki don bidiyon ya ɗauka. Kada a tsaya a tsakiya. Roba tana ci gaba da sauka ko ba a ƙara mata nauyi ba, wanda ya tsaya amsa waya zai dawo ya tarar samfurinsa ya ranƙwafa da kansa.

Ɗayan abu biyu zai faru. Mai gautsi za ta karye da ƙara kafin ta yi nisa. Mai danƙo ba za ta karye ba, za ta yi fari a ƙasan tsakiya tana ta sauka har ta zame tsakanin rodunan. Ga irin wannan, tsaida zuba ruwa da zarar ta sauka ninki ɗaya da rabi na kaurinta, milimita 6 ke nan ga kauri 4. Sai ka ɗora bokiti da ruwansa da waya da rodin a sikeli gaba ɗaya.

Lissafi: kilo sau 9.81 shi ne F, wato ƙarfin da ke danne samfuri, a ma'aunin niyuton. Ƙarfin lanƙwasa shi ne 3 × F × L ÷ (2 × b × h × h), inda L tazarar rodi ce, b faɗi, h kauri, duk a milimita. Amsar tana fitowa a megafaskal, ma'aunin ƙarfin kaya. Misali, faɗi 10.2, kauri 3.9, tazara 64, nauyi kilo 6.8: F ya zama 66.7, amsa 41.3. Ga samfurin da ya cika 10 da 4 daidai, kowane kilo yana ba da wajen megafaskal 5.9, wannan ya ishe ka lura da kuskure tun a wurin. PP mai kyau takan faɗa tsakanin 30 da 50, HDPE ƙasa da haka, PVC mai tauri ta bututu takan haura 70. In ka ga PP ta ba ka 90, koma kan awonka.

In ka samu agogon awo, gwada tauri tukuna kafin ka kawo bokiti. Ɗora bakin agogon kan rodin tsakiya, rataya gora mai nauyin giram 100, karanta, ƙara ruwa giram 400, sake karantawa bayan daƙiƙa 5. Tauri shi ne L × L × L × ƙarin F ÷ (4 × b × h × h × h × ƙarin sauka). Ga samfurin 10 da 4, ƙarin niyuton 3.92 da ya kawo saukar milimita 0.28 yana ba da wajen megafaskal 1,430, wanda ya dace da PP. Rula ba ta iya ganin wannan ɗan motsi, in babu agogo a bar wannan ɓangare.

7. Tsaga samfuran duka

Gwajin duka iri biyu ne sanannu. Na Charpy, Bafaranshe, ya fito a 1901, na Izod, Baturen Ingila, a 1903. A na Izod ana kafa samfuri a tsaye a matse gindinsa. A na Charpy ana kwantar da shi kan matokara biyu a dake shi a tsakiya. Na Charpy nake ba mai farawa shawara, domin yawan matsi da ƙarancinsa yana canza sakamakon Izod, kuma bais na kasuwa ba ya matsewa iri ɗaya sau biyu.

Ana yi wa samfuri 'yar tsaga a tsakiyar siririn gefensa, zurfin milimita 2, ta yadda faɗin da ya rage zai zama 8. Buɗewar tsagar digiri 45 ce, gindinta kuma ba mai kaifi ba ne, yana da ɗan zagaye da wayar kaurin milimita 0.5 za ta zauna ciki daram. Amfanin tsagar shi ne ta kwaikwayi ƙarzane ko kusurwa mai kaifi da kaya ke samu a wurin aiki, don daga nan karaya ke farawa.

Mafi kyau ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su wasa haƙori ɗaya da wannan siffa, su jera samfuran su tsaga su a tafiya ɗaya da sanyin hannu. In ba haka ba, matse su goma a bais tsakanin ƙarafa biyu da ka riga ka yi wa tsagar jagora, ka bi da magagari mai bakin wuƙa. Magagari mai kusurwa uku digiri 60 yake bayarwa, zai yi don kwatanci muddin shi ka yi amfani da shi ga kowa. Reza kam a'a, tana barin gindi mai kaifin da zai sa roba mai kyau ta zama abin kunya. In tsagar ta gagara, robobi masu gautsi irin PS ana iya gwada su ba tsaga, sai dai a rubuta haka. Bayan tsagawa auna faɗin da ya rage ga kowanne, ka bar su su kwana kafin a sa su a kula.

8. Haɗa gudumar lilo

Ƙaramin injin Charpy yana dukan samfuri da gudun mita 2.9 a daƙiƙa, gudun da abu ke samu idan ya faɗo daga tsayin santimita 43. Saboda haka yi hannun guduma mai tsawon santimita 43 daga tsakiyar boris zuwa bakin duka, ka riƙa sakinsa daga kwance, wato digiri 90. Hannun ya zama mara nauyi, nauyin duk ya taru a kai, in ba haka ba firam ɗin zai sha dukan maimakon samfurin. Bakin dukan a wasa shi digiri 30, a dakushe ƙarshensa ya yi zagaye kamar rodin milimita 4. Matokaran biyu su bar tazarar milimita 62, su tsaya inda guduma za ta taɓa samfuri daidai lokacin da ta rataya tsaye. Ɗaure firam ɗin da noti a kan abu mai nauyi, wanda ke motsi yana satar ƙarfin duka. Wanke tsohon giris daga boris da kananzir ka ɗiga mai mara kauri, ka rufe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu.

Zana digiri daga 0 zuwa 90 a kan filawud da babban rubutu, 0 a ƙasa, ka kafa shi a bayan gudumar ta ɓangaren da take haurawa.

Don sanin ƙarfinta, ɗaga hannun ya kwanta, tokare bakin dukan a kan sikeli, karanta nauyin da ya nuna a kilo, shi ne W. Kilo 0.5 × 9.81 × mita 0.43 ya ba da jul 2.11, jul kuwa ma'aunin ƙarfin duka ne. Sake ta ba samfuri ka ga inda ta kai. In ta kai digiri 87, ta yi asarar jul 0.11 ga boris da iska, wannan za ka riƙa cirewa. In ta tsaya ƙasa da 85, gyara boris tukuna.

9. Gwajin duka

Ɗora samfuri ta yadda siririn gefensa ke fuskantar guduma, tsagar tana baya, daidai saitin bakin duka. Milimita ɗaya ta kauce, lamba ta ƙaru ba gaira ba dalili. Sa tabarau, kori masu kallo daga gaba, kunna bidiyo. Riƙe guduma da zare ka yanke shi da almakashi, domin hannu yana turawa ba tare da mai shi ya sani ba. Cafke ta in ta dawo, kada ta sake bi ta kan gutsattsarin.

Duba bidiyo ka ga kusurwa mafi tsayi da ta kai. Ƙarfin da aka sha shi ne W × 9.81 × tsawon hannu × cos na kusurwar, kalkuletar waya tana da cos, tabbatar tana kan digiri. Kusurwa 75 ta ba da jul 0.55, cire 0.11, saura 0.44. Raba da kauri sau faɗin da ya rage, 4 × 8 wato 32, ka ninka da 1,000: kilojul 13.75 a murabba'in mita.

Ƙa'ida tana son abin da samfuri ya sha ya kasance tsakanin kashi 10 da 80 na ƙarfin guduma. PP tsantsa mai tsaga takan sha kilojul 3 zuwa 5 a murabba'in mita kacal, wato ƙasa da jul 0.2, wannan guduma ta yi mata girma. Yi wani kan mai wajen giram 200, ka sake awon W da asarar. ABS ta jikin kayan lantarki, mai kaiwa 15 zuwa 25, ita ce ta dace da ta rabin kilo.

Rubuta yadda kowanne ya karye: ya rabu biyu, ko ya rage fata siririya tana riƙe da shi, ko ya tsage rabi, ko ya lanƙwashe ya wuce bai karye ba. Kada ka haɗa matsakaicin waɗanda suka karye da waɗanda ba su karye ba.

10. Karanta bakin karaya da lambobin

Ɗauki gutsattsarin ka fita haske. Baki mai santsi da ƙyalli alamar gautsi ce. Mai fari da zare-zare ya yi kokawa kafin ya saki. A robar da aka sake narkawa za ka riƙa ganin ƙwayar yashi, ɗigon baƙi na abin da ya ƙone, ramin iska, ko ɗan ɓawon wata roba da ta ƙi narkewa, kuma in ka bi layukan karayar sau da yawa wurin suke komawa. Wannan ya fi lambar amfani ga mai bugawa, don yana nuna masa ko wanki ne bai yi ba, ko tsinta, ko busarwa, ko zafin injin.

Fitar da matsakaici, amma rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma a gefe. Kayan da suka ba da 12, 13, 12, 4, 13 sun fi ban tsoro bisa waɗanda suka tsaya a 9 duka, saboda mai saye ɗaya cikin biyar zai dawo da bokiti a fashe. Samfurin da ya karye nesa da tsakiya, ko ya zame daga matokara, shi kaɗai ake cirewa a maye gurbinsa. Bambancin da bai kai kashi 10 ba tsakanin kaya biyu, da irin waɗannan kayan aiki, ka ɗauke shi kunnen doki.

Kayan da za su zauna a waje, kujerun haya, tankin ruwa, bututun gona, a ƙara musu gwajin rana. Yanki samfura 20 daga abu ɗaya, 10 a aljihun tebur, 10 a ɗaure da waya a kan katako a saman rufi daga Maris zuwa Mayu. A ƙarshe ka tsaga na aljihun tebur da na rufin a rana ɗaya, ka sa su a kula ɗaya, ka gwada su da guduma ɗaya.